Ingilishin madafa: yadda ake haɗa romon zaƙi a Amurka da Ingila

Yawancinmu da muka taso a Maraɗi da Faransanci muka yi makaranta, kuma giram da lita muka sani wajen awo. Ƴan uwa, ranar da kuka ɗauki takardar girki ta Ingilishi za ku ga ba harshe kaɗai ya sauya ba, har da mudun. Za mu yi misali da romon zaƙi, abin da suke kira “dessert sauce”, wato ruwan zaƙi mai kauri da ake zubawa a kan gato ko askirim ko fanke. Kayan haɗinsa ba su wuce biyar ba, amma kuskuren kalma ɗaya ya isa a zubar da tukunya guda.

“Cup” a takardar Amurka ba kofin shayi ba ne, kofin awo ne mai cin kusan mililita 240, kuma cikinsa ɗaya na sukari giram 200 ne. “Tablespoon”, da ake taƙaitawa tbsp, mililita 15 ne. “Teaspoon”, wato tsp, mililita 5. Wanda ya rikita su wajen gishiri ya ninka shi sau uku. “Stick of butter” sandar bota ce mai giram 113. Zafi kuma da Faranhait suke aunawa: ruwa yana tafasa a 212, kuma 350 na tanda ya yi kusan 180 a awon da muka saba. A Ingila an huta, don giram da mililita suke rubutawa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gaban firijin kanti. Kirim, wato maiƙon madara, kala-kala ne, kuma yawan maiƙonsa ne ke raba su. Na romon zaƙi shi ne “heavy cream” a Amurka, mai maiƙo aƙalla kashi 36 cikin ɗari, ko “double cream” a Ingila, mai kusan kashi 48. “Half-and-half” da “single cream” ba su da wannan maiƙo, sai romon ya fito tsululu ko ya tsinke a kan wuta. Madarar gwangwani ma iri biyu ce: “condensed milk” ita ce mai sukari da kauri irin ta mai shayi, “evaporated milk” kuwa babu sukari a cikinta. Farin garin nan da muka sani da sunan Maïzena, “cornstarch” ne a Amurka, “cornflour” a Ingila. Ku yi hattara, a Amurka “corn flour” niƙaƙƙiyar masara ce, ba za ta yi muku wannan aikin ba. Sukarin yau da kullum “granulated sugar” ne, shi ake so. “Icing sugar” ko “powdered sugar” yana da ɗan sitaci a ciki, bai dace da ƙonawa ba.

Akwai abin da ya fi ɗanɗano muhimmanci a wurinmu. Dokar Amurka ta tanadi cewa “vanilla extract”, ruwan ƙamshin da ake ɗigawa a kayan zaƙi, ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa. Mai gudun haka ya nemi wanda aka rubuta wa “alcohol-free”, ko “vanilla sugar”, sukarin nan mai ƙamshi na ƴar leda da ake sa wa gato a gida. Rum da brandy da bourbon da liqueur duk giya ne, kuma suna yawan shiga irin wannan romo. A tsallake su, babu abin da zai lalace. “Lard” kitsen alade ne, “gelatin”, abin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, shi ma sau da yawa daga alade yake, sai in an rubuta halal ko na kifi.

Kalmomin aiki kaɗan ne. “Stir” juyawa, “whisk” burgawa da maburgi, “melt” narkarwa, “strain” tacewa. “Boil” tafasa ce sosai, “simmer” kuwa ɓararraka a kan ƙaramar wuta. “Reduce” a bar ruwa ya ƙone har ya ragu. In an ce “coats the back of a spoon”, a tsoma cokali a ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya, kaurin ya yi.

Ga karamel, romon sukarin da aka dafa har ya yi ja, uban tafiyar. Wanda ya taɓa ganin ana kantun riɗi ya san rabin aikin. A tanadi sukari giram 200, ruwa mililita 60, bota giram 85 a yayyanka, kirim mililita 120 a ɗumama shi, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Komai ya kasance a gefen murhu tun kafin a kunna wuta, don ba za a sami zarafin nema ba. A zuba sukari da ruwa a tukunya mai kaurin gindi, mai zurfi, mai farin ciki don a riƙa ganin launi. A juya har sukarin ya narke, da ya fara tafasa a cire cokali gaba ɗaya. Juyawa a wannan gaɓa ce ke sa ƙwayar sukari ta fantsama jikin tukunya ta dawo, sai duk romon ya koma tsaki-tsaki. Ɗigo uku na lemon tsami tun farko yana rage wannan haɗari. In ana so launi ya daidaita, a karkaɗa tukunyar a hankali.

Bayan kamar minti 8 zuwa 10 zai fara ja, wajen zafi 170, wato 340 a awonsu. Da ya kai launin zuma mai duhu, wanda takarda ke kira “amber”, a sauke. Tsakanin nan da ɗaci bai kai minti guda ba, kuma murhun lantarki yana riƙe zafi ko an kashe shi, saboda haka a ɗauke tukunyar daga kansa ɗungurungum. In ya yi baƙi yana hayaƙi ba shi da gyara, ga ƙararrawar gobara ta gidan haya za ta tara muku maƙwabta. A sa bota ana burgawa, sannan kirim kaɗan-kaɗan. Zai taso da kumfa da tururi, dalilin tukunya mai zurfi ke nan. In kirim ɗin da sanyi sukarin zai dunƙule. A mayar kan ƙaramar wuta ana juyawa har ya narke. Gishiri a ƙarshe.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana liƙewa a fata. A fitar da yara daga madafa, kada a ɗanɗana da yatsa. In ya zuba wa mutum, a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi minti 20, ban da shafa man goge haƙori.

Na cakulan ya fi sauƙi: a ɗumama kirim mililita 120, a zuba kan “dark chocolate” giram 100 da aka farfasa, a jira minti 2, a juya. Zoɓonmu ma yana yin romo mai kyau. A kantunan ƴan Meziko “flor de Jamaica” ne sunansa, a na ƴan Karebiyan “sorrel”. A tace ruwansa mai ƙarfi mililita 250, a sa sukari giram 100, a dama Maïzena ƙaramin cokali 2 da ruwan sanyi kafin a zuba, in ba haka ba zai yi gudaji.

Karamel yana kai mako 2 a firiji cikin kwalba mai murfi, na cakulan da na zoɓo kuwa kada su wuce mako guda. Sanyi yana daskarar da su, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi kafin a zuba.