Yadda nake ƙera ƙaramin jirgin PT-109 da katako

Jirgin da na fi son ƙera ɗan samfurinsa shi ne PT-109, ƙaramin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai harba tofido, wato bam ɗin nan da ke gudu cikin ruwa ya je ya huda babban jirgi. John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ne ke jan ragamarsa tun yana ƙaramin hafsa, har ranar 2 ga Agusta 1943 da tsakar dare, lokacin da jirgin Japan mai suna Amagiri ya bi ta kansa a tsibiran Solomon. Cikin mutum 13, biyu suka rasu.

Na zaɓa wa mai koyo shi ne saboda na ainihin ma da katako aka yi shi. Kamfanin Elco ya jera allunan mahogani ninki biyu a karkace, da zane mai gam a tsakaninsu. Kamfanonin Revell da Italeri suna sayar da samfurinsa na roba a kwali, haɗawa kawai za ka yi, amma ni na fi son bin hanyar da kafintocinsa suka bi.

Kafin ka taɓa zarto, zauna ka yi lissafi. Tsawon jirgin ƙafa 80 ne, wato mita 24.4, faɗinsa mita 6.3. Ina aiki da ma'aunin 1 bisa 72, duk abin da ke jikin jirgin gaske a raba shi gida 72. Tsawo ya koma santimita 34, faɗi ya kusa 9, mutum a tsaye bai cika 2 da rabi ba. Ka yanka ɗan mutum na kwali mai wannan tsayi, duk abin da ka ƙara ka tsayar da shi kusa. Idan ƙofa ko bindiga ta yi girma, nan take ido zai gani.

Kayan aiki ba su da yawa: falewud mai kaurin milimita 3, siririn ɓawon katakon nan da kafintoci ke liƙa wa kabad, farin gam, reza, sanfefa, allurai masu kai, da zanen jirgin da ka buga daidai da ma'auninka.

Gangar jiki ita ce aikin, saura duk ado ne. Ka kwafi haƙarƙarin jirgin daga zane zuwa falewud, ka yanke, ka kafa su a kife a kan allo miƙaƙƙe, sannan ka ɗora ƙashin baya daga hanci zuwa ƙarshe. Dubi cikin jirgin da kyau. A gaba yana da kaifi kamar bakin gatari, yana tafiya baya yana bajewa, kuma inda ciki ya haɗu da gefe akwai kusurwa mai kaifi tun daga gaba har baya. Wannan siffa ce ke sa ya ɗaga hanci ya zame a kan ruwa idan injinansa uku na Packard suka ɗauka, gudunsa ya haura kilomita 70 a awa. In ka bari sanfefa ta cinye kusurwar nan, abin da ka ƙera ya tashi daga PT-109 ya koma kwalekwale.

Yanka ɓawon katakon sili-sili, faɗin milimita 5, ka riƙa liƙawa a karkace kana dannewa da allura. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kada ka saɓa. A jirgina na farko na gama gefe guda kaf kafin in koma ɗayan. Da gari ya waye gam ya bushe ya ja katakon, hancin ya karkace hagu, aikin mako biyu ya tafi a banza. Na ji zafin abin ƙwarai. Wajen hanci kuwa, inda lanƙwasa ta yi tsanani, tsoma silin cikin ruwan zafi na minti biyar tukuna, zai bi hannunka ba gardama. Ninki na biyu ya gicciye na farko.

Idan ka juyo shi ka rufe sama, sauran da sauƙi. Bututun tofido huɗu ne, biyu kowane gefe, kuma bututun biro da aka yanka santimita 9 ya yi musu daidai. Mazaunin bindigogi masu baki biyu guda biyu ne, na gaba a dama, na baya a hagu, mutane da yawa a nan suke kuskure su jera su kafaɗa da kafaɗa. A can baya akwai bindigar Oerlikon mai milimita 20. A ƙasa farfela uku da matuƙi uku, ni da gwangwanin madara nake yanka su.

Fentinsa kore ne mai duhu, marar ƙyalli. Shafa shi tsarara-tsarara sau uku, kada ka lafta sau ɗaya. In lokacin hunturu ne ka kifa masa kwali har ya bushe, don ƙura ɗaya a wannan ma'auni tsakuwa ce.

Abu na ƙarshe da nake sawa shi ne igwar sojan ƙasa mai milimita 37, wadda ma'aikatan jirgin suka ɗaure a gaba da igiya a kan katakai dab da fitarsu ta ƙarshe. Da ɗaya daga cikin katakan nan waɗanda suka tsira suka jingina, suka yi iyo na kusan awa huɗu zuwa tsibirin Plum Pudding. Da tsinken ashana nake yin katakan, in ɗaure su da zaren ɗinki da na jiƙa a ruwan shayi, in kuma bar su ba fenti.