Yadda za ka tantance ko haƙoranka na buƙatar ciko idan kana zaune a ƙasar waje

Yakan faru mutum ya je wurin likitan haƙori a ƙasar da yake baƙunta don a wanke masa haƙora kawai, sai a ce masa haƙora huɗu ko biyar na buƙatar ciko, alhali babu wanda ke masa ciwo. Bai san likitan ba, harshen ƙasar bai gama zama a bakinsa ba, ga kuɗin aikin ba kaɗan ba. Idan ka samu kanka a wannan hali, kada ka amince kana kwance a kan kujerar likita. Ruɓewar haƙori takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta yi nisa, saboda haka jinkirin mako biyu ba zai ɓata komai ba matuƙar babu zogi.

Ka nemi likitan ya nuna maka hoton da ya ɗauka, haƙori bayan haƙori, sannan ka tambaye shi zurfin ruɓewar, domin a nan maganar take. Haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai ɗan laushi da ke kare jijiya. Ruɓewar da ta tsaya a ɓawon, ba ta huda shi ba, tana iya tsayawa cak idan aka rage zaƙi, aka riƙa sakace da zare, aka kuma yi amfani da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Likitoci da yawa sun fi son su sa ido a kan irin wannan tabo, su sake ɗaukar hoto bayan wata shida ko shekara. Amma idan rami ya buɗe, har abinci na maƙalewa a ciki ko harshenka na jin kaifin bakinsa, ciko ya zama dole.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne cewa abin da aka sassaƙe daga haƙori ba ya dawowa, kuma ciko ba ya dawwama. Wata rana sai an cire shi an sake, kuma kowane sakewa yana ƙara faɗin ramin.

Daga nan ka karɓi kwafin hotunan da rubutaccen tsarin aikin, mai ɗauke da lambar kowane haƙori da farashinsa. A ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka doka ta ba majiyyaci ikon karɓar bayanan lafiyarsa, don haka babu abin jin nauyi a wannan roƙo. Ka kai hotunan wurin likita na biyu wanda ba ya aiki tare da na farko, kuma ya fi kyau ka bar shi ya faɗi abin da ya gani kafin ka gaya masa abin da aka ce maka. Asibitin koyarwa na jami'a wuri ne mai kyau, tunda malami ke duba aikin ɗalibi. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya tura mutum ɗaya wurin likitocin haƙori 180 a yankin Zurich na Suwizalan, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun ba shi shawarar cikon da ba ya buƙata. Ba kowane saɓani ne son kuɗi ba. Horon likitoci ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu kuma sun saba da saurin yin ciko.

Idan harshe ne matsala, ka je da wanda zai fassara maka, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

Akwai dai alamomin da ba sa jiran ra'ayi na biyu. Zogin da ke hana barci, tsamin haƙori da ke daɗewa bayan shan abu mai zafi ko sanyi, ƙurji a dasashi, duk suna nuna cewa ruɓewar ta kusa jijiya ko ta riga ta kai. Idan kuma fuska ta kumbura tare da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, ka nufi sashen gaggawa na asibiti a ranar.