Yadda na sa sifikun baya suka yi magana a falona

Wata biyu na yi da kayan sautin da na sayo na hannu a nan Gombe, amfilifaya da sifiku biyar da wufa (sifikar da ke fitar da rugugi), amma na bayan nan biyu shiru kake ji. Har na fara zargin mai shagon. Ashe kayan lafiyarsu ƙalau, kwamfutata ce ba ta san da zamansu ba, sifiku biyu kawai take aika wa sauti.

Don haka kafin ka taɓa VLC, manhajar kallon fim a kwamfuta, fara da Windows. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mmsys.cpl, ka zaɓi amfilifayarka a jerin, ka shiga Configure, ka ɗauki 5.1 Surround, wato sifiku biyar da wufa ɗaya, sannan Test. Za ka ji ƙararrawa tana bin sifikun ɗaya bayan ɗaya. Wadda duk ta yi shiru a nan, duba wayarta. In kwamfutar tebur ce mai ramuka a baya, kore na sifikun gaba ne, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa.

Wayar da ka haɗa da ita tana da tasiri sosai. HDMI na ɗaukar hanyoyin sauti har takwas. Wayar optikal kuwa, mai jan haske a baki, biyu kawai take ɗauka, sai dai in sautin ya zo a dunƙule a matsayin Dolby Digital ko DTS. Shi ya sa mai optikal ba zai ga 5.1 a Configure ba, kuma kada ya tayar da hankalinsa. A VLC zai gyara: Tools, Preferences, Audio, ya kunna HDMI/SPDIF audio passthrough, ya adana, ya rufe manhajar ya sake buɗewa. Yanzu VLC miƙa sautin kawai take yi, amfilifaya ce ke rabawa. Ranar da na ga Dolby Digital ya bayyana a ɗan gilashin amfilifayata, sai da na kira maiɗakina ta zo ta gani. Ka sani, daga nan ƙara sauti a VLC ba ya aiki, sai da rimot ɗin amfilifaya.

Ga inda yawancinmu ke shan wahala a banza: fim ɗin kansa. Kana cikin kallo danna Ctrl da J, ka duba wajen Channels. In ka ga 3F2R/LFE, fim ɗin na sifiku shida ne. In Stereo aka rubuta, duk saitin duniya ba zai fito da abin da babu ba. Finafinan da ake tura mana a shagunan turi galibi an matse su don su shiga waya, sautinsu biyu ne. Ga irin waɗannan, danna Pro Logic II a amfilifaya, ta ɗan watsa sautin zuwa baya.

Sai wurin ajiya. Sifikar tsakiya ita ce uwa, domin maganar 'yan wasa daga cikinta take fitowa. Ajiye ta daidai ƙarƙashin talabijin, bakinta a gaban kanta, kada ka cusa ta cikin kabad. Na baya ana so su zauna gefe, ɗan baya kaɗan, wajen digiri 110 daga gabanka, sama da kunne kaɗan. Falona a Jekadafari ƙarami ne, doguwar kujera jingine take da bango, sai na kafa su a bangon hagu da dama suna fuskantar juna, kuma ya yi.

Wufa in ka kai ta lungu rugugin zai ƙaru, har tagogi su riƙa rawa. Tawa na jawo ta taku biyu daga bango, kuma da an idar da sallar isha'i nake rage ta, saboda katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin wani dattijo.