Yadda ake shayar da marayan ɗan giwa da dare

A gidan marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust da ke Nairobi a Kenya, gidauniyar da aka kafa a 1977, mai kula da jaririn giwa ba ya samun barcin kirki. Ga yadda aikin yake.

Da farko, kada ka kuskura ka ba shi madarar shanu. Cikinsa ba ya iya narkar da kitsenta, sai zawo ya kama shi, shi kuwa zawo yana saurin kashe su. Madarar gwangwani ta jarirai ake damawa, mai haɗe da man kwakwa. Sai da Daphne Sheldrick, wadda ta kafa gidauniyar, ta shafe shekaru tana gwaji kafin ta dace da wannan haɗin.

Ka wanke kwalbar da ruwan zafi, ka dama madarar da ɗumi-ɗumi, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji.

Sannan ka rataya bargo, ka miƙo kwalbar ta bayansa. A nan ne ake buƙatar haƙuri: sabon maraya yana son ya ɗora hancinsa a kan abu mai laushi kamar jikin uwarsa. In bai samu ba, sai ya ƙi sha, komai yunwar da yake ji. Kada ka ɗura masa.

Idan ya ƙoshi, ka lulluɓe shi da wani bargon, domin sanyin dare na iya jawo masa ciwon huhu. Ka kwanta a ɗakinsa.

Bayan awa uku ka tashi ka maimaita, har gari ya waye.

Gobe wani ne zai kwana da shi. Ana sauya masu kula ne don kada ya shaƙu da mutum ɗaya, ranar da mutumin ya tafi hutu marayan ya ƙi cin abinci.