Darasi na 9: Giya da Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan darasi a Kano, garin da addini ya haramta giya, Hisba kuma ke fasa kwalabenta? Ya shafe mu. Akwai mai sha a ɓoye, akwai maƙwabcin da addininsa bai hana shi ba, akwai kuma mai sha bai ma sani ba.

Mu fara da filajil, ƙwayar nan da ake yawan saye a kemis idan ciki ya ɓaci. A jikin kwali za ka ga an rubuta metronidazole. Idan ta gamu da giya a jiki, sai tashin zuciya da amai, kai ya sara, fuska ta ɗau zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ba a haɗa su, ko kurɓi ɗaya. Bayan an gama maganin ma sai an ƙara kwana 2. 'Yar'uwarta tinidazole kuwa, kwana 3.

Wanda ya fi damuna shi ne mai tarin fuka. Wata 6 yake yi yana shan magani, kuma hanta ce ke aikin tace shi. Giya ma hantar take bi. Kaya biyu a kan jaki ɗaya ke nan. Idan ido ya koma ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, a garzaya asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara.

Mai sha bai sani ba fa? Wasu ruwan ɗacin kwalba da na leda da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza da barasa aka haɗa su. Haka wasu magungunan tari na ruwa. Nan karatunmu zai yi rana: juya kwalbar, ka nemi kalmar alcohol, ko lamba mai alamar % kusa da ita.

Idan kana sha, gaya wa likita kafin ya rubuta magani. Ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrinka. Kada kuma ka tsallake ƙwayar dare don ka samu damar sha, ciwon ne zai dawo da ƙarfinsa.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalin magani ɗaya gobe, mu karanta abin da ke jikinsa tare.