Shirin shiga kwas ɗin ilimin masu buƙata ta musamman tun kafin a buɗe jami'a

Yawancin ɗaliban da suka samu gurbi a wannan fanni sun ɗauka maganar makafi da kurame ce kawai. Kwas ɗin farko ya fi haka faɗi: akwai masu lalurar ƙwaƙwalwa, masu naƙasar gaɓoɓi, masu in'ina, yaran da karatu ko lissafi ke yi wa gardama alhali hankalinsu lafiya lau, har da masu hazaƙar da ta wuce ta sa'o'insu. Ka ware wa kowane rukuni shafi a littafinka: ma'anarsa, musabbabinsa, alamominsa a aji, da abin da malami zai yi.

Tarihi da dokoki haddacewa ake yi. An kafa makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Makarantar makafi ta Pacelli da ke Surulere a Legas, 1962. Sanarwar Salamanca ta 1994 kan karantar da yara duka a aji ɗaya. Dokar jihar Legas ta 2011 kan haƙƙin masu naƙasa, sai dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Inda aikin yake shi ne hannu, kuma ba ya koyuwa a daren jarrabawa. Rubutun makafi ɗigo shida ne a gida guda: 1, 2, 3 a hagu daga sama zuwa ƙasa, 4, 5, 6 a dama. Ka yanki kiret ɗin ƙwai mai rami shida, ka samo duwatsu shida. Dutse a rami na 1 shi ne a. 1 da 2 b. 1 da 4 c. Haruffa goma na farko a ɗigo huɗun sama suke. Ƙara musu ɗigo na 3, ka samu k zuwa t. Da wannan dabarar sai haddar ta ragu da rabi. In ka koma kan allo da tsinken hudawa, daga dama zuwa hagu za ka rubuta, domin ta bayan takarda kake hudawa, sai an juya ta ake karantawa. A nan sabon shiga ke birkita d da f. Ka nemi takarda mai kauri. Ta littafin rubutu yagewa take yi, ko ɗigon ya kwanta.

Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke ɗan mishan. Ba ita ce wadda kuramen Kano ke yi a tsakaninsu ba, don haka wanda ya taso da waccan kada ya ce ya gama. Fara da haruffa 26 na yatsu, minti goma sha biyar kullum. Ɗauki kanka bidiyo a waya. Za ka ga hannunka na ta tsalle, abin da ke hana a gane ka.

Sannan ka je ka gani da idonka. In a Legas kake, daga Idi-Araba zuwa Pacelli ko makarantar kurame ta Wesley ba nisa. Rubuta wa shugaban makaranta takardar neman izini tukuna, kuma ban da ɗaukar hoton yara. Kira makaho da sunansa kafin ka yi masa magana. In za ka raka shi, ba jan sanda ake yi ba irin na ɗan jagora: shi zai riƙe gwiwar hannunka, kai kuma kana rabin taku a gabansa, ka faɗa masa in an zo matakala, hawa ce ko sauka.