Babi na Shida: Kuɗin Wata Huɗu, Cin Wata Goma Sha Biyu

Darasi na 1: Ku san watanninku

Sana'ar karɓar masu yawon buɗe ido ba ta tafiya daidai duk shekara. Mai ƙaramin masauki, da mai raka baƙi, da mai sayar da kayan tsaraba, duk akwai watannin da baƙi ke cika musu, akwai kuma watannin da kasuwa ke yin sanyi. Abu biyu ke kawo haka: yanayi, da lokacin hutun makarantu da na ma'aikata.

Ku buɗe sabon shafi. Ku rubuta 1 zuwa 12 daga sama zuwa ƙasa, lamba ɗaya a kowane layi. Kowace lamba wata guda ce: 1 Janairu, 12 Disamba. Watan da baƙi suka yi yawa bara, ku zagaye lambarsa. Idan hannu yana rawa ba komai, da'ira ko ta karkace da'ira ce. Ku ƙirga da'irorin. A ce huɗu ne.

Darasi na 2: Rabawa

A nan aka fi tuntuɓe, saboda haka mu tafi a hankali.

Ku haɗa cinikin watanni huɗun nan. Ciniki ba riba ba ne. Ku fara cire abin da kuka kashe domin baƙi: wanki, sayayya, ladan ma'aikatan wucin gadi. A ce abin da ya rage 1,200 ne, ko da wane irin kuɗi kuke aiki.

Yanzu ku raba shi gida 12. Gida 12, ba gida 4 ba. Idan kun raba gida 12, kowane wata ya sami 100. Idan kun raba gida 4, za ku ga 300, ku ɗauka kun yi arziki, ku ci 300 kowane wata, a ƙarshen wata na huɗu aljihu ya bushe, ga wata takwas a gaba. Kuɗin haya ba ya hutu don baƙi sun tafi. Haka kuɗin wuta, da albashin mai gadi, da bashin da ake biya wata-wata.

Ku sake yi. A wata nawa aka samu kuɗin? Huɗu. Wata nawa za a ci? Goma sha biyu. To a raba gida nawa? Goma sha biyu. Wanda lissafi ke ba wuya ya ɗebi tsakuwa 12, kowace a bakin 100, ya ɗora ɗaya a kan kowane layi. Layi ɗaya, tsakuwa ɗaya. Madalla.

Har yanzu wasunku lambar huɗu suke rubutawa! An faɗa, an maimaita. Ku goge. Wanda ya ƙi koyon wannan a takarda, mai gidan haya zai koya masa a watan da babu baƙo ko ɗaya. Ku rubuta 12.

Darasi na 3: Me ya sa kuka buɗe?

Ba kowa ne ya shiga sana'ar nan don tara dukiya ba. Wani yana son zama a wurin da ransa ke so, ko ya zama mai gidan kansa, ko ya sami lokacin iyali. Irin wannan yakan rufe ƙofa idan kasuwa ta yi sanyi, ya huta, kuma ba laifi ba ne, muddin kason watannin hutun yana ajiye. Wanda kuwa ke son sana'ar ta girma, sai ya nemi baƙin da ba sa jiran hutu, kamar masu zuwa taro ko aiki. Ku rubuta dalilinku a jimla ɗaya.

Darasi na 4: Lokacin sanyin kasuwa

Ku yi gyaran rufi, famfo da fenti a lokacin da ɗakuna ba kowa. Kuɗin gyaran daga kason watan zai fito.